Bindigar Ganin Wata ta Gidan Jibo

Tibiri, watan Azumin Tsofaffi

Zuwa ga ɗana Alhaji Nabil ɗan Maman Lawali, Sabon Gari, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da harkokin kasuwa. Ni ne Gado ɗan Jibo, wanda ake kira Mushe Gado, yadda ake ce wa malamin boko a nan, tun ina koyarwa a lakwal, makarantar gwamnati. Kakanka Chaibu ƙanen mahaifina ne, ciki ɗaya. Rabona da kai tun jana'izar babanka, kuma ban tsammanin ka shaida ni cikin taron nan.

Jiki da sauƙi. Gwiwoyi sun ƙi, ido ba ya ganin nesa, kunnen dama ya daɗe da mutuwa, na hagu ma sai an ɗaga murya. Shi ya sa na rubuto maimakon in kira ka a salula. Tun rasuwar matata Kubura ni kaɗai ne a gidan, sai akuya guda.

Ka ji shelar da aka yi a radiyo. Duk mai bindigar gado, ko wadda ba ta da takarda, ya kai a rubuta a ba shi izini, babu tara babu ɗauri, in dai ya kai kafin wa'adi ya cika. Bayan wa'adi, wanda aka samu da ita shi da ɗan fashi ɗaya ne.

To, akwai bindigar gidanmu, wadda mutanen unguwa ke kira Tsohuwa. Irin ta da ce, ana ɗura mata albarushi ta baki, ƙanƙara ta ba ta wuta ta wani ɗan rami da ke gefe. Ba a sa mata harsashi, tsumma ne kawai. A hannuna ko zabo ba ta taɓa kashewa ba. Aikinta sau biyu ne a shekara, ranar da aka ga watan azumi da ranar da aka ga na salla. Kakanmu ya harba ta, babana ya harba ta, ni ma ina harba ta. Na san yanzu labarin wata ta salula yake zuwa, amma har gobe a unguwarmu in ka ce an ga wata, sai a ce maka bari dai Tsohuwa ta yi magana. Tun la'asar sakaliya ake taruwa a ƙofata, mata su aiko da kunu, tsofaffin ɗalibaina su tsuguna su gaishe ni. Ba zan ɓoye maka ba, in ka cire waɗannan yammaci biyu, babu mai yin sallama a gidan nan.

Na je biro, ofishin da ake rubutawa, da kaina. Suka ce sai da takardar lokotoro, likitan asibiti, ta ido da kunne. Lokotoro ya nuna mini baƙaƙe a bango, ni da na koya wa rabin garin nan karatu, ko na saman ban gani ba. Magatakarda ya ce in nemo mai ƙarfi cikin dangi a rubuta da sunansa. Na duba dangi, kai ka rage.

Ina roƙonka ka ara mini sunanka. Ni dai burina, ranar da za a fitar da ni daga ɗakin nan, ta kasance tana rataye a bangonta ina ganinta. A gaida mutanen gida.

Babanka,
Gado Jibo

*

Maraɗi

Baba Gado,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara maka sauƙi. Na tuna ka mana, kai ne mai tabarau ɗaure da zare.

Wannan ai ba wani abu ba ne. Ka naɗe ta a tabarma ka ba Ya'u mai kabu-kabu, babur ɗin haya, shi ke kai mini saƙo Tibiri. Zan sa a yi farmin, takardar izinin, da sunana, kafin azumi tana hannunka. Na ji labarinta wajen marigayi, ban dai taɓa ganinta ba. Ga shayi da sukari nan.

Nabil

*

Tibiri, ƙarshen watan Azumin Tsofaffi

Ɗana Alhaji,

Bayan gaisuwa, shayi ya iso, Allah ya yi albarka, ya jiƙan Maman Lawali. Tari ya ɗan taso mini, amma ba na kwanciya ba ne.

Ga ta nan wajen Ya'u. Na haɗa da ƙahon albarushi ko ma'aikatan za su so ganin yadda take aiki. Kada a jingina ta bakinta ƙasa, kada a ajiye ta inda raɓa ke sauka. In za a buga mata lamba, a buga a jikin ƙota, a bar ƙarfen, ya tsufa kamar ni. Igiyar fatar da ke wuyanta kakarka ce ta kitsa ta, kada a cire.

Da Ya'u ya tafi na koma ɗaki, na ga ƙusoshin nan biyu a bango tsirara, sai na rasa inda zan sa idona. Kada ka yi mini dariya.

Babanka,
Gado

*

Tibiri, cikin watan azumi

Ɗana Alhaji Nabil,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da shan ruwa. Wannan ita ce takarda ta uku da na aiko ban ga amsa ba. Ya'u ya rantse ya miƙa su ga mai gadinka. In rashin lafiya ce, Allah ya sawwaƙe. Ni azumin bana yana ba ni jiri, amma ina riƙe da shi.

An ga wata ba tare da mu ba. Ran nan na share ƙofar gida kamar kullum na shimfiɗa tabarmi, don na ce ko Ya'u zai ɓullo da ita a ƙurarren lokaci. Mutane suka fara zuwa. Zakari tela, maƙwabcina, ya ce, "Mushe, ina Tsohuwa?" Na ce ta je Maraɗi neman takarda. Ya ce, "Ashe ita ma an sa ta lakwal da tsufanta." Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga nan aka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kira magariba ni kaɗai ne a kan tabarmi. Kunu bai zo ba. Ban ma san an ga watan ba sai da na ga yara suna gudu suna tsalle.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haƙuri. Akwai Zuliha, mai kawo zogale daga Jiratawa ranar kasuwa. Ta ce mini, "Baba, ashe ka sayar da bindigarka?" Na ce wa ya faɗa? Ta ce ai a garkar Alhaji Nabil, lambunka na Jiratawa, ta gan ta, gab da azumi, ranar da ka yi baƙi ƴan kasuwa daga ƙetaren iyaka aka gasa raguna. Ta ce tun hantsi ake harba ta har tsuntsayen fadama suka watse, mai gadin garkar yana riƙe ta da hannu ɗaya, baƙi suna ɗaukar hoto. Ta ce ta shaida ta da igiyar fatar nan.

Ban yarda ba, na ce mata bindigogi suna kama. Amma in gaskiya ne, ɗana, wannan abu sau biyu a shekara ake ta da shi, kuma da bisimilla. Ban ce ka yi laifi ba, ba ka sani ba ne. Ka dai dawo mini da ita kafin watan salla. Na faɗa wa mutane za ta dawo. Na sayi sabon albarushi wajen maharba, yana nan na ajiye.

Babanka,
Gado

*

Maraɗi, jajibirin salla

Baba,

Muna lafiya. Aiki ya yi mini yawa, ina tsakanin Jiratawa da iyaka, ba kullum nake zaman karanta takardu ba. Kuma ba na son a riƙa bin sawuna da maganar matan kasuwa. Farmi ya fito da sunana, abin da aka rubuta da sunan mutum kuwa yana iya nuna wa baƙinsa.

Ga ta nan. Na sa an gyara ta an goge. A yi salla lafiya.

Nabil

*

Tibiri, bayan salla

Alhaji Nabil,

Ina gaishe ka, barka da salla. Ban je idi ba, ƙafa ta hana. Zan ba ka labari tun daga farko, don ina so ka san abin da aka yi da sunanka a ƙofar gidan kakanninka.

Ya'u ya iso da ita rana ta yi sanyi, haske ya fara ja. Na warware tabarma na gan ta tana ƙyalli, an shafe ta da baƙin fenti. Na yi maka addu'a a fili, Ya'u shaida ne. Labari ya zaga unguwa cewa Tsohuwa ta dawo da takardarta. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba tun zamanin babana. Har daga wasu unguwanni aka zo. Kwanonin kunu suka jeru a zaure. Liman ya aiko a ce mini yana jiran ta kafin ya sa a yi shela.

Na auna albarushi a tafin hannu na ɗura, na danna tsumma, na zuba ɗan kaɗan a gefe wajen ƙanƙara. Wani mai salula ya ce an gani. Zakari ya riƙe mini kafaɗa don kada ta ture ni. Na ɗaga bakinta sama, na yi bisimilla, na ja.

Na gefen ya kama, ya yi fus, ɗan hayaƙi ya tashi. Shi ke nan.

Na ce sanyi ne. Na sake zubawa na ja. Na sake. Albarushi yana zubewa a kan rigata. Wuri ya yi tsit, ko ni kurma na ji shirun. Sai wani saurayi daga baya ya hura leda ya fasa ta da tafi, ya ce, "Tsohuwa ta yi magana!" Dariyar da aka yi, har da mata a bayan danga, har da waɗanda na koya wa riƙe alƙalami. Wata ta ce, "Ku bar shi, shi da ita duk sun ƙare." Wannan da kunnen hagu na ji shi sarai. Aka watse. Masu kunu suka aiko aka kwashe kwanoninsu, wasu ko buɗe su ba a yi ba.

Da safe, mutane suna wucewa zuwa idi, na fito da ita rana na sa tabarau. Ɗan ramin da wuta ke bi an cike shi da walda, an goge da zarto, an bi da fenti don kada a gani. Wanda ya yi aikin gwani ne.

Ka rubuto mini cewa an gyara ta. Da ka ƙara kalma biyu, da na rufe ƙofata na ce ba ni da lafiya. Me ya sa ka bari na tara mutane?

Ranar salla babu wanda ya shigo. Na mayar da ita bango. Albarushin da na ɗura yana nan cikinta, na danne shi sosai yadda babana ya koya mini. Na gwada zaro shi da ƙugiya, hannuna ya kasa, kuma ina jin kunyar kiran wani. Tana nan rataye da cikinta.

Gado Jibo

*

Maraɗi

Baba Gado,

Muna lafiya, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Takardarka ta yi tsawo, Balkisu matata ta karanta mini farkonta a mota, na gane inda ta dosa.

Ban ga abin fushi ba. Kai da hannunka ka rubuta cewa burinka ka gan ta rataye a bango. Tana bango, kana ganinta. Mutumin da bai ga baƙaƙen lokotoro ba, in ya ƙone fuskar ɗan wani, wa za a kama? Mai suna a takarda. Ni ina da kaya a kan hanya da mutunci a gari, ba zan jingina su da hannu mai rawa ba. Na kai ta an toshe, na koma biro an rubuta a farmi cewa matacciya ce. Da na faɗa maka da ka cika ni da takardu. Maganar dariya kuwa, kwana biyu ne an manta. Shekarunka sun wuce wasan wuta, Baba, ka riƙe carbi.

Ga wata magana mai daɗi. Ranar da wa'adi zai cika za a yi babban taro a nan Maraɗi, da manyan baƙi da ƴan radiyo. An sa ni cikin masu jawabi, a matsayin wanda ya ba da misali a cikin danginsa. Ina so ka zo da ita a nuna, a ga tsoho da tsohuwar bindigarsa. Za a ba ka kujera a gaba. Ka sa riga mai kyau, zan turo mota da safe.

Nabil

*

Tibiri, watan Bawan Salloli (Zulƙida)

Alhaji,

Bayan gaisuwa. Jiki ba daɗi, amma da sauƙi.

Da na karanta takardarka na ce ba za ni ba. Na kwana biyu ina cewa ba za ni ba. Sannan na ciro rigar da na yi ritaya da ita na ba da aka wanke. Na ce ko ba komai zan zauna cikin mutane, wataƙila ma a ce in faɗi tarihinta. Har na tsara abin da zan ce.

Na fito ƙofar gida tun da hantsi, da hula da riga, tana kan cinyata. Masu wucewa suna kallo. Zakari ya leƙo daga shago ya ce, "Mushe, yau kuma wane wata za a gani?" Rana ta take, sai ga Ya'u. Ya ce mota ta tafi Jiratawa ɗauko baƙi, ba wuri, Alhaji ya ce a ba shi bindigar kawai. Na ce in hau bayansa mana. Ya ce ba a ce masa haka ba, kuma da ita da ni ba za mu yiwu a babur ɗaya ba.

Na ba shi. Ban san dalilin da ya sa na ba shi ba.

In an gama nunawa, a dawo mini da ita. Na yarda da toshewar. Bangon kawai nake so a cike.

Gado

*

Maraɗi

Gado,

Ba gaisuwa. Takardarka ta same ni a kwance, kuma kai ka kwantar da ni.

A wurin taro an tara bindigogin da mutane suka miƙa, aka ce za a ƙone su a gaban jama'a. Aka ce kowane babban baƙo ya ɗora guda da hannunsa. Ni me ke hannuna in ba taka ba? Na ɗora ta can sama, aka tafa, don ta fi kowace tsufa. Sauran duk an bincika su. Ita ba wanda ya leƙa cikinta, tunda takarda ta ce matacciya ce, da sa hannuna. Aka zuba mai aka kunna. Ina tsaye kusa, ina tsakiyar jawabi, ta tashi.

Mutane suka ɗauka hari ne. Aka tattake kujeru, rumfa ta faɗi a kan baƙi, ni ina ƙasa babbar rigata tana ci da wuta. Kumatuna ya ƙone. Kunnena na dama tun ranar ƙara kawai yake yi, lokotoro ya ce sai dai a jira. An tsare ni ana yi mini tambayoyi har yamma kamar ɓarawo. Yau duk salular da ke Maraɗi akwai hotona ina rarrafe.

Ka ɗura mata wuta ka miƙo mini, mugun tsoho. Na taimake ka don darajar marigayi, ga sakayya. Na faɗa musu daga hannun wa ta fito, jandarmomi za su zo maka. Ga farmin nan na sa a ciki, ka rataya shi a bangon. Kada ka sake rubuto mini, na hana mai gadi karɓa.

Nabil Maman Lawali

*

Tibiri

Ɗana Alhaji Nabil,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ba da lafiya. Ka ce kada in rubuto, amma Ya'u ya ce zai jefa ta ta saman ƙofa. Ni ina nan yadda ka sani.

Ka ce kunnen dama ne. Nawa ma shi ya fara tafiya. Ƙarar nan za ta yi wata biyu ko uku, sannan ta daina, daga nan ba za ka ƙara jin komai da shi ba. Kada lokotoro ya ja maka rai, ba ya dawowa. Za ka koyi juyo da na hagu in ana magana. Mutane za su gaji da maimaita maka, za su fara yi da hannu, daga baya su daina. Babana ma haka ya ƙare. Duk wanda ta zauna da sunansa a gidanmu sai ta karɓi wannan kunnen.

Maganar albarushi, na rubuta maka. Tana ƙarshen takardar da aka karanta maka farkonta a mota. Ka sa Balkisu ta nemo, tunda kana da riƙon abin da na rubuta da hannuna. Ni ba a gaya mini za a kai ta wuta ba, nunawa aka ce.

Farmi ya iso. Takarda ce mai kyau, da hatimi da hotonka. Na soke ta a ƙusa ɗaya, ɗayar tana nan ba komai.

Abu ɗaya nake so ka faɗa mini, don Ya'u yana bakin titi lokacin, bai iya ba da labari ba. Yaya ƙararta ta kasance? Ta yi nauyi, irin mai dukan ƙirji, ko ta yi kaifi? Ɗurin nan na salla ne, na cika mata hannu saboda yawan jama'a. Har ina aka ji ta? Ya'u ya ce mutanen da ke wurin sun fi na idi yawa. Ko kakanmu bai taɓa tara mata irin wannan ba, kuma ni ina nan zaune a Tibiri da wankakkiyar riga.

Ka ce jandarmomi za su zo. Ka san ranar? Tun shekaranjiya nake share ƙofar gida ina shimfiɗa tabarmi. Akwai sauran shayin da ka aiko. In kana da hanya, ka ce musu su zo da la'asar, kuma kada su yi sauri, labarin yana da tsawo.

Babanka,
Gado Jibo